MAMMAN VATSA: SOJAN DA YA RIƘE ALƘALAMI

Mu da muka taso a Kaugama da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, in an ce marubucin waƙa, Malam Mu'azu Haɗeja muke tunawa, wato malamin makaranta da alli a hannu. Ba mu taɓa kawo soja a wannan sahu ba. To, ga wani da ya haɗa biyun.

An haifi Mamman Jiya Vatsa ranar 3 ga Disamba, 1940, a yankin da ya zama Jihar Neja. Ya yi sakandare a Bida daga 1957 zuwa 1962, ajinsu ɗaya da Ibrahim Babangida. Tare suka shiga soja a ƙarshen 1962. Ya samu horo a Kaduna da ƙasar Indiya, ya kuma yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Bayan yaƙin ne rubutunsa ya fito fili. A 1972 ya fitar da Verses for Nigerian State Capitals, waƙoƙi kan manyan biranen jihohi. Ya yi rubutu da Turanci da Burokin Ingilishi, ya kuma yi wa yara littattafai da dama, har da na Hausa mai suna Bikin Suna. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne Voices from the Trench, inda ya tattara waƙoƙin sojoji 'yan'uwansa ya sa aka buga. Gaskiya ba zan jera waƙoƙinsa da na manyan gwanaye ba, wasu ma sun yi sauƙi da yawa. Sai dai mutumin da ya ga gawarwaki a fagen fama, ya dawo ya zauna yana yi wa yara waƙa, ba a raina shi.

Yana Manjo-Janar aka naɗa shi Ministan Abuja a 1984. A 1985 ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya fili a Mpape domin a gina wa marubuta mazauni.

A watan Agustan wannan shekara Babangida ya karɓi mulki. Kafin Disamba ta ƙare an kama Vatsa bisa zargin shirya juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Jama'a, ku da kuka san abin da zaman aji ɗaya yake nufi, ku duba wannan lamari. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark sun je Barikin Dodan a Legas suka roƙi a yi masa sassauci. Roƙon bai karɓu ba. Ranar 5 ga Maris, 1986 aka harbe shi tare da wasu hafsoshi, yana da shekara 45.

Filin nan na Mpape ya daɗe cikin rigingimun shari'a kafin a gina shi. Da aka gina, sunansa aka sa wa wurin. Allah Ya jiƙansa.