William Playfair, Mutumin Da Ya Mai Da Lissafi Zane

An haifi William Playfair cikin 1759, kusa da garin Dundee a ƙasar Sikotlan. Ubansa ya rasu yana yaro, sai wansa John, malamin lissafi, ya riƙe shi. Da ya tasa ya sami aikin zana injuna wurin James Watt a Birmingham.

A zamanin nan, in za a nuna cinikin ƙasa, sai a jera lambobi shafi shafi, mai karatu ya yi ta dubawa har ya gaji, bai gane gaba aka ci ko baya ba. Playfair ya lura ido ya fi saurin gane tsawo da gajarta. Saboda haka cikin 1786 ya buga littafin cinikin Ingila da zane 44. Guda 43 layi ne mai hawa da sauka, shekaru a ƙasa, kuɗi a gefe. Da ya zo kan Sikotlan, sai ya tarar lissafin shekara guda kaɗai gare shi. Ya ja sanduna, tsawon kowace gwargwadon cinikinta da ƙasa kaza. Cikin 1801 kuma ya zana da'ira, ya yayyanka ta kamar lemo, don ya nuna yankunan daular Turkawa a Asiya da Turai da Afirka.

Ya yi aikin jarida a Landan da Faris, amma bai zauna lafiya ba. Ya shiga sha'anonin kuɗi marasa kan gado, har bashi ya kai shi kurkuku. Malaman Ingila ba su ɗauki zanensa da girma ba, ga shi kuma sunansa ya ɓaci. Ya rasu a Landan cikin 1823, matalauci.

Yau manyan jaridun duniya suna da ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan, watau su tattara lissafi su zana shi da kwamfuta, mai karatu ya ga inda kuɗin jama'a suka tafi. Layi da sanda da da'ira da su ke amfani da su, duk na Playfair ne. Malamin makaranta da akawu, duk wanda ya ja sanda don ya nuna adadi, gadonsa ya ke ci. Gani ya kori ji.