Fafaroma Leo na 13: Dattijon da ya shigar da haƙƙin ma'aikaci cikin koyarwar Coci

Lokacin da Kadinal Robert Prevost ya zama shugaban Cocin Katolika a ranar 8 ga Mayu, 2025, ya zaɓi sunan Leo na 14. Ya bayyana cewa babban dalilinsa shi ne tunawa da Leo na 13, fafaroman da ya tsaya wa ma'aikata a zamanin da masana'antu suka sauya rayuwar Turai.

An haifi Vincenzo Gioacchino Pecci a ranar 2 ga Maris, 1810, a garin Carpineto da ke kudu da birnin Rum, cikin gidan masu sarauta. Ya yi karatu a hannun limaman Jesuit a Viterbo da Rum, aka naɗa shi limamin coci a ƙarshen 1837. A wancan zamani fafaroma yana mulkin wani yanki na tsakiyar Italiya, saboda haka aikinsa na farko na gwamnati ne. A 1838 aka tura shi lardin Benevento, inda 'yan fashi da masu fasa-ƙwauri suka samu ɗaurin gindi daga manyan masu gonaki. Ya murƙushe su, ya kuma gyara tsarin haraji.

A 1843 ya tafi Beljiyam a matsayin jakadan fafaroma. Jakadancin bai yi armashi ba, don ya goyi bayan bishop-bishop a wata taƙaddama da gwamnati kan ilimi, aka janye shi bayan shekara uku. Sai dai a can ne ya ga ƙasar da masana'antu da ma'adanan kwal suka yi nisa a cikinta, wadda kuma ake mulka da majalisa. Daga 1846 ya zama bishop na Perugia, ya shafe fiye da shekara 30 nesa da cibiyar iko, ko da yake an ba shi muƙamin kadinal a 1853.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1878, aka zaɓe shi fafaroma yana dab da cika shekara 68. Da yawa sun ɗauka zai ɗan riƙe kujerar ne kafin a samu wani, ganin raunin jikinsa. Ya yi shekara 25 a kanta.

Ranar 15 ga Mayu, 1891, ya fitar da wasiƙar da ta ɗaukaka sunansa, Rerum Novarum. A lokacin leburori suna yini a masana'anta kan ladan da bai kai na abinci ba, yara ƙanana ma suna ciki, masu ra'ayin gurguzu kuma suna kira a ƙwace dukiyar kowa a mayar ta ta gwamnati. Leo ya ƙi wannan kira, ya kare haƙƙin mutum na mallakar abin da ya samu da guminsa. Amma ya juya ga masu jari da kakkausan harshe. Ya koyar da cewa albashi dole ne ya isa ya riƙe ma'aikaci mai tsimi cikin mutunci, kuma in talauci ko tsoro ya tilasta masa karɓar abin da bai kai haka ba, amincewarsa ba ta wanke zaluncin. Tauye wa mutum ladan aikinsa ya lissafa shi cikin manyan laifuka a gaban Allah. Ya amince da 'yancin kafa ƙungiyoyin ƙwadago, ya nemi a ƙayyade sa'o'in aiki, a ba da ranar hutu, a kare yara. Game da yajin aiki, ya ɗora wa hukuma nauyin kawar da musabbabinsa tun kafin ya auku. Ma'aikaci ma bai tsira ba: wajibi ne ya cika aikin da ya ɗauka da gaskiya, kada ya lalata dukiyar wurin aikinsa, kada ya nemi haƙƙinsa da tarzoma.

Ya kuma yi Allah wadai da bauta a wasiƙarsa ga bishop-bishop na Brazil a 1888, sannan a 1890 ya nemi a tara gudummawa don yaƙar cinikin bayi a Afirka. Ya sasanta Jamus da Sifaniya kan tsibiran Caroline a 1885, ya kuma buɗe wa masu bincike taskar tsofaffin takardun Vatican. Inda ya toge shi ne batun birnin Rum, wanda Italiya ta karɓe a 1870. Bai taɓa yarda da hakan ba, ya ƙi fita daga Vatican, ya ci gaba da hana Katolikan Italiya shiga zaɓen ƙasa.

Ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1903, yana da shekara 93. Magadansa sun riƙa gina koyarwarsu a kan wasiƙarsa: Pius na 11 ya sabunta ta a 1931, John Paul na 2 ya yi haka a 1991 da ta cika shekara 100. Leo na 14 ya ce ƙirƙirarriyar basira ta kawo wa ma'aikata irin ƙalubalen da injuna suka kawo a ƙarni na 19. A Najeriya, inda aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, ma'aunin da Leo na 13 ya kafa bai tsufa ba: ana auna albashi da abin da zai iya saya wa iyali, ana auna ma'aikaci da amanar da ya riƙe.