ABUL ƘASIM AZ-ZAHRAWI, LIKITAN ANDALUS

 A wannan fitowa za mu kawo tarihin Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi.

An haife shi wajen shekara ta 936 Miladiyya a yankin Ƙurɗuba, ƙasar Andalus, ya kuma yi likitanci a zamanin Halifa Al-Hakam na Biyu. Ya wallafa At-Tasrif, littafi mai kashi 30. Kashi na ƙarshe kan fiɗa yake, da zanen kayan aiki wajen 200, ciki har da zarto da ƙarafan kankare ƙashi da sassaƙe shi. Ya ba da labarin wani mutum da ƙashin ƙwaurinsa ya ruɓe. Ya yi ta yanke ruɓaɓɓen, yana kankarewa, har ya cire wajen taƙi guda, mutumin kuwa ya warke da izinin Allah. Ya kuma yi bayanin gocewar ƙashin baya. A ƙarni na 12 aka fassara wannan kashi zuwa Latin, likitocin Turai suka daɗe suna karatunsa.

Babban gargaɗinsa shi ne kada kowa ya tsaga jiki bai san tsarin gaɓoɓi da jijiyoyi ba. Don haka muna kira ga masu ɗorinmu na Madawa, Buza da Keita: karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta gadon baya, a gaggauta kai ta asibiti, domin rai amana ne.

Ya rasu wajen 1013. Allah Ya jiƙansa, amin.