Charles Wheatstone, mai kunyar da ya gano sirrin gani da ido biyu

An haifi Charles Wheatstone ranar 6 ga Fabrairun 1802 a kusa da garin Gloucester na Ingila, a gidan masu sana'ar kayan kiɗa. Bai yi karatun jami'a ba, amma a 1834 Kwalejin King's da ke Landan ta naɗa shi farfesa. Kunyarsa ta kai ga sau da yawa Michael Faraday ne ke gabatar wa jama'a bincikensa a madadinsa.

A 1838 ya miƙa wa Ƙungiyar Masana ta Masarautar Birtaniya takardar da ta bayyana yadda mutum ke gane zurfi. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kimanin santimita shida da rabi, don haka kowane ido na hango abu daga kusurwa daban, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun. Domin tabbatar da haka, ya kafa madubai biyu a karkace, kowanne na nuna wa ido ɗaya zanensa kaɗai. Nan take zanen da ke shimfiɗe a takarda ya tashi da kauri da nisa. Da zane ya fara, domin sai a 1839 aka sanar da duniya fasahar ɗaukar hoto.

Ya kuma lura da abin da har yau ke wahalar da masu jera irin waɗannan tagwayen hotuna a firam ko haska su a majigi: idan aka musanya na dama da na hagu, zurfin kan juye, abin da ke kusa ya koma nesa, cikin kwano ya zama kamar bayansa. A 1852 ya bayyana wata na'ura da ya ƙera takanas don nuna wannan ruɗin.

Sai dai kasuwa ba ta bi madubansa ba, saboda girmansu. David Brewster ɗan Sikotilan ya fito da ƙaramin akwati mai gilasai biyu, wanda ya burge Sarauniya Victoria a babban baje kolin Landan na 1851. Brewster bai tsaya nan ba, ya shiga musanta cewa Wheatstone ne ya fara gano ka'idar, har suka yi sa-in-sa a jaridar The Times a 1856. Tarihi ya ba Wheatstone gaskiya.

Batun wa ya fara ya bi shi tsawon rayuwa. Ya yi jayayya da William Cooke kan wayar tangaraho da suka yi wa rajista tare a 1837. Hanyar auna turjiyar lantarki da ɗalibai ke kira gadar Wheatstone kuwa Samuel Christie ne ya ƙirƙiro ta, kuma Wheatstone da kansa ya faɗi haka a 1843, amma sunansa ne ya manne. Dabarar rubutun sirri da shi ya ƙaga a 1854 ita kuma ta tafi da sunan abokinsa Lord Playfair.

An ba shi sarautar Sir a 1868. Ya rasu a birnin Faris ranar 19 ga Oktoban 1875, yana tsakiyar aiki kan wata na'urar karɓar saƙo ta wayar ƙarƙashin teku.