Duke Slater

Frederick Wayman Slater, wanda aka fi sani da Duke Slater (9 ga Disamba 1898 – 14 ga Agusta 1966), ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne irin na Amurka, daga baya kuma alƙali a Chicago. A sahun gaba yake wasa, wato cikin ƙartan da ke tare abokan hamayya da ƙarfin jiki don buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya.

Makarantar sakandare

An haife shi a garin Normal na jihar Illinois. Mahaifinsa limamin coci ne, aiki kuma ya kai iyalin garin Clinton a jihar Iowa. Da farko uban ya hana shi wasan don tsoron rauni. Yaron ya riƙa yi a ɓoye, da asiri ya tonu kuma ya ƙaurace wa abinci har sai da aka ƙyale shi.

A lokacin ɗalibi ne ke sayen takalminsa da hular kariyarsa. Kuɗin gidan bai isa duka biyun ba, sai ya zaɓi takalmi, wanda saboda girman ƙafarsa daga Chicago aka yi odarsa. Haka ya gama sakandare yana karo da kai babu hula. A 1914 makarantarsa ta buga wasan neman kambun jiha da wata makaranta ta Des Moines, aka tashi 13 da 13.

Jami'a

Ya shiga Jami'ar Iowa a 1918, ƙarƙashin koci Howard Jones. Saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya an sassauta dokar da ke hana 'yan shekarar farko wasa, don haka ya buga kaka huɗu cur. Sau uku a jere, daga 1919 zuwa 1921, aka sa shi cikin gwanayen gasar Big Ten.

Kakar 1921 ce ta fitar da sunansa. Iowa ta ci wasanninta bakwai duka, ta ɗauki kambun Big Ten, ta kuma doke Notre Dame ta koci Knute Rockne da 10 da 7, ƙungiyar da ta yi wasa 20 a jere tana nasara. Hoton da aka ɗauka a wasan, inda Slater ba hula yake buɗe wa Gordon Locke hanya, ya shahara ƙwarai, abin da ba kasafai ɗan sahun gaba kan samu ba, tunda yabo yakan tafi ne ga mai riƙe da ƙwallo.

Bayan jami'a

Ya buga wasan ƙwararru daga 1922 zuwa 1931, shi ne kuma baƙar fata na farko a sahun gaba a gasar NFL. Ya sami digirin lauya a 1928, ya zama alƙali a 1948. Da aka buɗe zauren karrama gwanayen wasan jami'o'i a 1951, shi kaɗai ne baƙar fata cikin rukunin farko. A 2021 Jami'ar Iowa ta sa wa filin wasan da ke Kinnick sunansa.