Rudolf Virchow, Likitan Da Ya Bi Cuta Har Makwancinta

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan karon mun ƙetare teku zuwa ƙasar Jamus. Wani zai ce, to me ya haɗa mazauna Sabo da wani Bajamushe da ya mutu tun 1902? Ga abin da ya haɗa mu. Mun sha gani a nan unguwa, a kai mutum asibiti da ƙari a wuya ko a nono, likita ya ce sai an ɗan yanki tsoka an kai ɗakin gwaji kafin a san abin yi, sai dangi su ce sam, ba za a taɓa shi da ƙarfe ba. A kwashe shi a sa a motar Arewa. Bayan 'yan watanni sai dai a zo mana da labarin rasuwa. Shi wannan ɗan yankin tsoka da muke gudu, mutumin da za mu ba da tarihinsa yana sahun gaba cikin waɗanda suka nuna wa duniya amfaninsa.

Sunansa Rudolf Virchow, Jamusawa na furta shi kusan kamar Firko. An haife shi ran 13 ga watan Oktoba, 1821, a wani ƙaramin gari mai suna Schivelbein, wanda a lokacin yana cikin daular Purushiya, yanzu kuwa yana ƙasar Polan. Ubansa manomi ne, kuma ma'ajin garin. Ba masu hali ba ne sosai, saboda haka a 1839 yaron ya shiga makarantar likitocin soja da ke Barlin, inda ake karatu kyauta. Ya gama a 1843, ya kama aiki a babban asibitin birnin mai suna Charité. Ba da daɗewa ba aka tura shi ɗakin binciken gawa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san yadda ake kallon cuta a da. Shekara wajen dubu biyu likitocin Girka da na Rum da na Larabawa sun tafi a kan cewa jiki na ɗauke da ruwa iri huɗu, watau jini da majina da waɗanda littattafan ɗibbu ke kira safra'u da sauda'u. In ɗaya ya rinjayi sauran sai mutum ya kwanta. Shi ya sa maganin ya zama ƙaho, da tsaga, da abin da zai sa amai ko gudawa. Mu ma ai ba mu yi nisa da wannan ba, har gobe ka ji an ce sanyi ne ya shige shi, ko zafi ya yi masa yawa, ko kuwa a tattara ciwo goma a kira su basir. A 1761 wani likitan Italiya, Morgagni, ya nuna cewa cuta tana da mazauni a jiki, wata a hanta, wata a huhu, wata a ƙoda. Virchow ya ɗauko daga nan, amma shi da madubin likita a hannunsa, mai nuna abin da ido ba ya gani.

A 1845 ya buɗe gawar wata mata ya tarar da saifarta ta kumbura ƙwarai, jininta ya yi fari-fari. Wani likita a Sikotlan mai suna Bennett ya ga irin wannan a shekarar, ya ɗauka mugunya ce ta shiga jini. Virchow ya ce ƙwayoyin jini farare ne suka yi yawa fiye da kima. Cutar ita ce sankarar jini, sunan da likitoci ke kiranta da shi har yau shi ya raɗa mata.

Amma aikinsa da ya fi shafarmu shi ne na gudan jini. Likitoci sun daɗe suna tarar da jini a daskare cikin jijiyar huhun waɗanda suka mutu farat ɗaya, suna zaton a nan ya daskare. Virchow ya lura cewa sau da yawa akwai wani gudan a jijiyar ƙafa, kuma bakin na huhun ya dace da inda na ƙafar ya gutsure. Ya gwada a jikin karnuka, ya sa ƙananan abubuwa cikin jijiyarsu, ya same su sun bi jini sun ratsa zuciya sun maƙale a huhu. Daga baya likitoci suka tattara dalilan daskarewar jini a jijiya gida uku, suka sa musu sunansa: jini ya daina gudu sosai, ko jijiyar ta ji rauni, ko shi jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa.

To dubi ɗan'uwanmu da okada ya kayar ya karye a cinya. Jijiya ta ji rauni, ga shi kwance makonni ba motsi, kuma jinin wanda ya ji babban rauni ya fi saurin daskarewa. Duk ukun sun haɗu a kansa. Ba mu raina maɗoran gargajiya ba, akwai masu hannu a cikinsu, amma ɗori ƙashi yake gyarawa, ba ya ganin abin da ke cikin jijiya. Haka mai jego, haka wanda aka yi wa tiyata, haka yaran shanu da ke takure a bayan tirela tun daga Maiduguri har Ikko. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, kada a murza ta, kada a tausa. In kuwa numfashi ya soma sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki suka, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, asibiti za a nufa.

A farkon 1848 annobar zazzaɓin taifus ta ɓarke a lardin Silesiya ta Sama. Kada a haɗa shi da taifod da muka saba ji, wannan ƙwarƙwata ke yaɗa shi, ko da yake sai a 1909 aka tabbatar da haka. Gwamnati ta tura Virchow cikin masu bincike. Ya yi kusan mako uku a can. Mutanen yawancinsu harshen Polan suke yi, ba na masu mulki ba. Abincinsu dankali ne, shi ma ya lalace a gona. Iyali guda na kwana ɗaki ɗaya, wani lokaci har da dabbobi. Da ya dawo ya rubuta rahoto, gwamnati na jiran sunan magani, sai ga shi ya lissafa makarantu cikin harshen mutanen, da hanyoyi, da gyaran noma, da sauke wa talaka nauyin haraji, da barin jama'a su tafiyar da al'amuransu. A ganinsa yunwa da cunkoso da jahilci su suka shimfiɗa wa annobar tabarma. Duk wanda ya taɓa kwana a shagon da mutum goma ke raba tabarma uku ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kwanaki kaɗan da dawowarsa bore ya tashi a Barlin, ya shiga cikin masu tare tituna. Hukuma ba ta manta ba. A 1849 aka dakatar da shi, daga baya aka mayar da shi a ƙasƙance, shi kuwa ya karɓi kujerar farfesa a jami'ar Würzburg. Ya yi aure a 1850, suka haifi 'ya'ya shida. A 1856 Barlin ɗin da ta wulaƙanta shi ta kira shi, ta ba shi cibiyar bincike tasa.

A 1858 ya fitar da littafin da ya ɗaukaka sunansa, wanda ya tattara laccoci 20 da ya yi wa likitoci. Jigonsa shi ne, jiki kamar gari yake, mazaunansa su ne ƙananan ƙwayoyin halitta da sai da madubi ake ganinsu. Kowace ƙwaya daga wata ƙwaya ta fito. Cuta kuwa canji ne da ke samun waɗannan ƙwayoyi, har su kasa aikinsu, ko su mutu, ko su yi ta hayayyafa ba tsari. Watau ƙari ba jifa ba ne daga waje, ƙwayoyin jikin mutum ne suka kauce hanya. Wani ƙarin yana zaune wuri ɗaya, a cire shi shi ke nan. Wani kuwa yana cin naman da ke kewaye da shi, yana tura 'ya'yansa hanta da huhu da ƙashi. Da hannu ba a iya rarrabe su da tabbaci, sai an duba ƙwayoyin. Ka ji dalilin ɗan yankin tsokar nan. Mun san jama'armu na da ƙyamar a taɓa gawa, wannan magana ce ta malamai. Amma gwajin da muke faɗa a jikin mai rai ake yi, don ya rayu. Akwai ma wata kaluluwa da ke fitowa a gindin wuya ta hagu, mai iya zama alamar ciwon daji a ciki, ita ma sunansa take ɗauke da shi.

Gaskiya ɗaya ce, ba shi ya fara ganin yadda ƙwaya ke rabuwa biyu ba. Wani masani Bayahude, Robert Remak, ya riga shi, Virchow kuwa bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. A batun kumburi ma bai dace duka ba. Tun zamanin Rumawa an san alamunsa huɗu: ja, da zafi, da tashin wurin, da raɗaɗi (jan nan a fatarmu ba kullum yake nunawa ba, sai a kula da sauran). Virchow ya ɗauka mugunya daga naman wurin take samuwa. Almajirinsa Cohnheim ne ya nuna a 1867 cewa fararen ƙwayoyin jini ne ke fitowa daga jijiya su taru a bakin rauni.

Bai tsaya ɗakin gwaji ba. Daga 1859 har mutuwarsa ɗan majalisar birnin Barlin ne. A lokacin ƙazantar gidaje a lambatu take bin titi, shi ya dage har aka soma gina magudanan ƙarƙashin ƙasa a 1873. Da wata tsutsa ta naman alade ta yi ta kashe mutane a shekarun 1860, ya bi diddigin rayuwarta, ya yi ta fafutuka sai an riƙa duba nama kafin a sayar. Mu ba ruwanmu da wancan nama, amma shanu ma na ɗauke da tarin fuka da tsila, saboda haka mahautanmu da ke jin haushin likitan dabbobi a mayanka, to ga ɗaya daga cikin waɗanda suka jawo musu shi. A majalisar ƙasa ya takura wa Bismarck har a 1865 ya ƙalubalance shi su fito fagen fito-na-fito, Virchow ya ƙi. A yaƙin Jamus da Faransa na 1870 ya jagoranci jirgin ƙasa na kwaso sojojin da suka ji rauni.

Da girma ya zo, taurin kai ya biyo baya. Bai ba da goyon baya ba ga Semmelweis, likitan da ya ce hannun likitoci marar wanki ke kashe masu haihuwa. Ya daɗe yana ɗari-ɗari da batun ƙwayoyin cuta, har bayan Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka a 1882. Tsoronsa shi ne a shagala da farautar ƙwaya a manta da talauci. Yana da hujja, amma a nan Koch ne ke da gaskiya.

A watan Oktoba na 1901 masana daga ƙasashe da dama suka taru a Barlin bikin cikarsa shekara 80. A watan Janairu na 1902 ya diro daga taragon lantarki da ke bin titin gari tun bai gama tsayawa ba, ya faɗi ya karye a ƙashin cinya. Karayar tsoho ba irin ta yaro ba ce. Kwanciyar ta cinye masa ƙarfi, bai sake komawa aikinsa kamar da ba. Ran 5 ga watan Satumba, 1902, zuciyarsa ta tsaya. Mujallar da ya kafa tare da abokinsa Reinhardt a 1847 tana fitowa har yanzu, da sunansa a bangonta.