Waziri Ahmadu Mai Shahada: Jarumin Da Ya Kwanta A Kwatarkwashi

Duk wanda ya taɓa shiga motar Gusau daga Funtua ya san dutsen Kwatarkwashi. Da an wuce Tsafe kaɗan za ka hango shi tsaye ƙiƙam a gefen hanya. Ƴan kasuwarmu na Funtua, Bakori da Malumfashi masu safarar masara da dawa sun sha wucewa ta gabansa. Amma mu nawa ne a cikin matasa muka san cewa a wannan yanki ne Wazirin Kano ya rasa ransa a fagen fama a shekarar 1903? Sunansa Ahmadu, kuma har gobe Kanawa na kiran sa Mai Shahada.

Ahmadu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Mu Katsinawa ma muna da rabo a wannan laƙabi, domin a garin Karofi na ƙasar Katsina mahaifin nasa ya rasu, shi ya sa ake ce masa Maje Karofi. Ahmadu ya tashi a gidan sarauta a zamanin da ɗan sarki ba ya rabuwa da doki da takobi.

A 1893 aka naɗa Tukur ɗan Sarki Bello a matsayin Sarkin Kano da goyon bayan Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ƴaƴan Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Wannan ne ya haifar da yaƙin Basasa, kuma Ahmadu yana ɓangaren Yusufawa. Da Yusufu ya rasu a Garko a 1894, sai jama'ar suka miƙa jagoranci ga Aliyu Babba, wato Sarki Alu. Ahmadu ya girmi Alu, amma ya bi ƙanensa. Da suka ci Kano a wannan shekarar, Alu ya naɗa shi Waziri, ya zama na hannun damansa a sha'anin mulki da na yaƙi, a lokacin da Kano ke ta fama da Damagaram da Ningi.

Ana cikin haka sai ga Turawa. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Lugga dama yana neman dalili, sai ya samu. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta bi ta Bebeji, ta fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ranar Sarki da Waziri da yawancin mahayan Kano ba sa gari, sun tafi Sakkwato yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Suna kan hanyar dawowa labari ya riske su cewa gida ya faɗi.

A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, al'amari ya dagule. Alu ya bar sansanin cikin dare, gari ya waye rundunar ba sarki. Wambai Abbas, shi ma ɗan Maje Karofi, ya ga yaƙi da masu igwa asarar rayuka ce kawai, ya ɗebi masu bin ra'ayinsa suka nufi Kano don yin sulhu. Shi kuwa Waziri Ahmadu ya riƙe ragowar rundunar, ya ƙi miƙa wuya.

A ƙarshen watan Fabrairu suka yi kiciɓis da wani ɓangare na sojojin Turawa a yankin Kwatarkwashi, ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Bisa lissafin Turawan, sojojinsu 44 ne, Kanawa kuwa mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000, kuma an shafe awa biyu ana gumurzu. Sojojin Wright sun yi sahu mai kusurwa huɗu, ta yadda duk inda doki ya ɓullo akwai bakin bindiga a gabansa. Mahayan Kano suka riƙa kai sukuwa suna dawowa, harsashi na zubar da su kafin mashi ya kai. Waziri bai tsaya a baya yana aika talakawa ba. A cikin wannan artabu ya faɗi, tare da wasu manyan Kano.

Dubi yadda ta kaya da ƴan'uwan uku. An kama Alu, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Abbas ya zama Sarkin Kano har zuwa 1919, kuma daga tsatsonsa sarakunan Kano na baya-bayan nan suka fito. Ba wanda zai ce sulhun da ya yi bai tsare rayuka ba, kowa da irin nauyin da ya ɗauka. Ahmadu kuwa ya tsira da laƙabi ɗaya tak. Bayan rasuwarsa da ƴan makonni Sakkwato ta faɗi, ranar 15 ga Maris, sannan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli.

To ga abin da ya kamata ya dame mu. Ingila ta ba Wright lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasarsu, saboda wannan rana. Sun rubuta, sun adana, jikokinsu na karantawa. Mu fa? Tambayi ɗaliban sakandare goma a Funtua ko Malumfashi wane ne Mai Shahada, ka ga nawa za su amsa. Wani abin tausayin kuma, yawancin waɗanda suka harba bindigogin nan baƙaƙen fata ne da Turawa suka ɗauka aikin soja, da yawansu Hausa suke ji. Wannan runduna ce daga baya ta rikiɗe ta zama sojojin Najeriya. Shi ya sa ranar 15 ga Janairu, idan ana tunawa da mazan jiya, da wuya ka ji an ambaci irin su Ahmadu.

Yau ma a kan wannan hanya ta Funtua zuwa Gusau sojoji da ƴan sanda da ƴan sa-kai suna rasa rayukansu a hannun ƴan bindiga, don manomi ya samu ya shiga gona. Da yawansu sa'o'inmu ne. Labarinsu kan ƙare a layi biyu a Facebook, kwana uku an manta. Idan Waziri guda, ɗan sarki kuma wan sarki, ya kusa ɓacewa daga bakinmu, ina ga ɗan talaka mai igiya ɗaya?

Ƴan'uwana matasa, musamman mu masu karatun aikin jarida, wayar da ke hannunmu ta isa. Mu zauna da dattawan garuruwanmu mu naɗi abin da suka ji daga iyayensu tun suna raye. Mu rubuta sunayen waɗanda suka kwanta dama suna tsaron ƙauyukanmu, da ranar, da wurin, da izinin iyalansu. Malaman tarihi kuma su taimaka su kai labarin Kwatarkwashi cikin aji.

Allah ya jiƙan Waziri Ahmadu da waɗanda suka faɗi tare da shi, ya ba yankinmu zaman lafiya.